Sistar da Ke Sa Maganin Asma a Kunne

"Umma, wannan matar kurma ce? Me ya sa take sa maganina a kunne?"

Da ƙarfi 'yata ta yi tambayar, a gaban masu jiran layi, ni kuwa kunya ta rufe ni. Sista ta yi dariya ta ce, "'Yan mata, hira muke. Yana faɗa mini ko kina shaƙarsa."

Haka take kowace safiya a ɗakin masu asma na asibitin unguwarmu. Kafin ta ce yaya jiki, sai ta miƙa hannu: "Kawo su duka biyun." Wato maganin shaƙa shuɗi, na lokacin da numfashi ya sarƙe, da mai ruwan ƙasa, na kullum ko lafiya lau ake. Ta girgiza kowanne. Idan shuɗin ya yi sakayau, ɗayan kuwa yana nan da nauyinsa, ta riga ta gane abin da ake ciki. Sannan ta sa ka shaƙa a gabanta, ko furfura ta cika maka kai. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa nake wannan rubutu.

Da korona ta shigo, wani abu ya tsaya mini a rai. Telan layinmu da direban da ke kai yara makaranta duk suna da asma, duk kuma sun kamu. Tela ya yi 'yan kwanaki a gida yana tari, ya koma kan kekensa. Direba sai da aka kwantar da shi aka sa masa iska. Me ya bambanta su? Na kai wa Sista tambayar, kuma ba ta yi mini ƙaryar sani ba.

"Har likitoci ba su gama bincike ba," in ji ta. "Shekaru ma na ciki, da wasu cututtuka. Amma abin da muke gani, wanda asmarsa ke kwance ya fi samun sauƙi a kan wanda dama ƙirjinsa ke kuka. Kwantar da ita kuwa aikin na kullum ɗin ne."

Matar direban ce ta faɗa mini daga baya cewa mijinta ya daɗe da ajiye nasa na kullum ɗin, wai ya warke.

Sai maigidana ya kamu. Ga yarinya mai asma a gida, ga bayi ɗaya. Surukata ta ji a waya wai mai ruwan ƙasa yana rage ƙarfin jiki, ta ɗauke shi ta cusa a jakarta.

"Jikata ba za ta ƙara shaƙar wannan abu ba sai annoba ta wuce."

Ba zan iya musu da ita ba, ba kuma zan iya barin ƙirjin 'yata haka ba. Na kira Sista na miƙa wa surukata wayar.

"Mama, ina wuni? An ce kin buɗe kemis a jaka, ina rabona?"

Tsohuwa ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ci ƙarfinta. Sista ba ta ce mata ta yi kuskure ba. Cewa ta yi, "Maganin nan ba ya hana korona, Mama. Amma in ta zo, gara ta tarar da ƙirjin a buɗe. Ke zan ɗora wa aikin: safe da yamma, a gabanki, ta kuskure baki bayan ta shaƙa."

Yarinyar ta kamu kuwa. Zazzaɓi, tari, rigima. Numfashinta bai sarƙe ba, kakarta kuma ba ta tsallake ko safiya ɗaya ba.

Sista, ke ce kika iya da kaka, kika iya da jika, ba ki taɓa sa uwa ta ji tambayarta ta wauta ce ba. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa ƙananan nas ɗin da ke bayanki su ɗauki haƙurinki.

Ku kuma iyaye, kada tsoron korona ko saƙon waya ya sa ku tsayar wa yaro maganin asmarsa na kullum ba tare da izinin asibiti ba. In kuka ga haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa ƙarasa magana don haki, ku ɗauke shi ku tafi asibiti, kada ku jira.