Inna Tumba mai dafa almakashi

Da safen nan ina tsakiyar shanya maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce mini Inna Tumba ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu sauran wankin na cikin bokiti.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce mai shara a ƙaramin asibitin da muke zuwa awo. Ba nas ba ce, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma ita ke hura gawayi a bayan ɗakin haihuwa, ta dafa almakashi da sauran ƙarafa a tukunya. Matan da ke layin awo su ce, "Inna, yau ma miyar ƙarfe anka ɗora?" Ta ce, "Allah kawo ranarku, kowa sai ta sha."

Ni kullum da littafin soyayya nake zuwa layi. Sai ta tsaya a kaina da tsintsiya ta ce, "Amarya, har yau ba su yi auren ba?"

Ran da jiri ya ɗebe ni, kujerarta ta ba ni, ta yi ta yi mini fifita da littafin nawa.

Da damina mata uku suka haihu a gadon da ke jikin taga, dukkansu suka koma gida da zazzaɓi. Ɗaya, 'yar Unguwar Lalle, ba ta tashi ba. Inna ce ta lura robar katifar ta yage, jini na shiga soso ya zauna. Ita kaɗai ta jawo ta waje, ta jingine a bayan gini, ta ce a ƙone. Aka ce a bari sabuwa ta zo tukuna.

Rabona da ita sati biyu. Yatsanta ɗaure da tsumma, hannun ya kumbura. Reza ce ta yanke ta tana wankin kayan haihuwa, ranar da safar hannu ta ƙare.

Na ce, "Inna, ki tafi asibitin garin Isa a duba ki mana."

Ta ce, "In na tafi wa za shi dafa? Ke dai ɗiyata, in naƙuda ta taso ki taho da ledarki da sabuwar reza. Kuma ko mi anka ce miki, kar ki hau gadon taga."

Daga baya an kai ta Isa, aka ce a wuce Sakkwato. A hanya ta cika.

In labari ya tsananta a littafi, nakan leƙa shafin ƙarshe in ga ko yarinyar ta rayu. Yau ban san inda za ni leƙa ba. Cikina ya shiga wata tara.

Ɗazu maigidana ya dawo daga jana'iza, ya biya asibitin karɓo mini magani. Na tambaye shi murhun Inna, ya ce toka ce kawai, ta huce. Na ce katifar fa? Ya miƙo mini maganin. Sannan ya ce ba ta bayan ginin, kuma bai ga wurin da aka ƙona wani abu ba.

Allah ya gafarta miki Inna Tumba, ya sa ciwon hannun nan ya zama kaffara, ya haskaka kabarinki. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a. Ku haɗa da ni, da duk wadda za ta shiga ɗakin nan cikin watan nan. Gado biyu ne kawai a ciki.