Gashin Auta ya koma irin na 'yar tsana

Jama'a, Shugaban Masu Tace Fina-finan Duniya ke magana daga ofishinshi mai sanyi. An tambaye ni ko katun ɗin 'yar tsanar nan mai canza kaya ya dace da ƙananan yara. Ga abin da na gani.

Wata yarinya, Hafsatu, 'yar shekara shida, kullum tana kallonshi a wayar uwarta. Tun da zuwa gona ya gagare su, ƙanenta Auta ke fama da tamowa. Ya rame, gashinshi ya yi ja.

Jiya aka zuba mata tuwo, ta ture kwanon.

Na ce, "Hajiya babba, sai an yanka maki kaza?"

Ta ce, "Kawu, Auta ya daina cin abinci, ya zama siriri, gashinshi ya koma irin na ta cikin fim. Ni ma haka nake so."

Uwar ta rufe fuska da mayafi.

Masu 'ya'ya, ku gaya mani abin da zan ce mata, don har yanzu sai da lallashi take ci.

Gaskiya ba ni da ofis. Ni Sabi'u ne, mai tura fina-finai a waya a kasuwar Yankara. Hafsatu ɗiyar yayata ce, kuma ni na tura mata katun ɗin.