Kawu Sale da Farin Ƙyalle

Ku da kuka san Kawu Sale na Rikkos, kun san ba ya amsa sallama kai tsaye. Sai ya ƙare maka kallo tukuna, ya ce, "Wa ya aiko ka?" Ni ɗan ƙanwarsa ma ban tsira ba. Na taɓa kai masa dankali daga Farin Gada, ya zazzage buhun ya leƙa ciki, ya ce, "Kyauta? Faɗi abin da ya kawo ka."

To wannan mutumin masu bincike suka ɗauka aiki, lokacin da wayar salula ta fara shigowa Jos. Sun kafa na'ura a ƙwanƙolin Dutsen Shere, mai zuƙar iska ta cikin wani ɗan farin ƙyalle. Duk mako Kawu zai hau ya canja ƙyallen, ya kai wa shugabansu, Dokta. Tunda aikin kuza ya mutu, da wannan yake ciyar da gidansa.

Makon farko ya tarar ƙyalle ya yi baƙi ƙirin. Nan take ya yanke hukunci: aikin Bitrus ne, maƙwabcinsa da ya nemi aikin bai samu ba. Kawu kuwa ko kwano ba ya mayarwa ba a wanke ba, balle kayan oga. Sai ya riƙa wanke ƙyallen da sabulu yana kai shi fes.

Bayan wata uku Dokta ya kira shi. "Baba, ba ka hawa dutsen nan. Aikinka ya ƙare."

"Ni? Tambayi gwiwoyina! Ƙyallen nan har wanki da guga nake yi masa."

Dokta ya dafe kai. Ya ce ai dattin ake nema, hayaƙi da ƙura masu cutarwa da iska ke kwasowa daga ƙasashe masu nisa.

"Daga wata ƙasa? Ba fasfo?" Kawu ya matso. "Dokta, a ina ka san Bitrus?"

Dariyar da ta kama Dokta ce ta bar wa Kawu aikinsa.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa na kira Bitrus, wanda ya shekara biyar Kawu na gaba da shi bai san laifinsa ba. Kawu ya riƙe hannunsa ya faɗa masa komai, ya ce, "Na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Na yafe, Malam Sale."

Kawu ya buɗe ido ɗaya. "Da sauri haka? Anya ba kai ba ne?"

Muka yi dariya muna share hawaye. Bai kai Juma'a ba, kuma har yau ina kewarsa.

Allah Ya ji ƙan Kawu, Ya yafe masa kamar yadda Bitrus ya yi, da sauri, ba tambaya.