Akwatin da Ya Koyi Gaisuwa

A unguwar Bromakoté aka haife ni, nesa da ƙasar Hausa, Faransanci ya fi zama a bakina. Duk safiya nakan wuce Baba in jefa masa "Baba, sa va?" shi kuwa ya bi ni da harara. Ɗan kasuwar albasa ne daga Nijar, gaisuwarsa kaɗai sai ta cinye hantsi.

Da na fara koyon haɗa manhajar kwamfuta a unguwar Treichville, sai ya kafa mini sharaɗi: in nuna masa abin da nake koyo, ko in koma shago ɗaukar buhu. Ni kuwa na tsani warin albasa kamar me.

Abin da na iya a lokacin bai taka kara ya karya ba: a danna maɓalli, rubutu ya fito a ɗan akwati. Na kawo kwamfutar tsakar gida, ya danna. Akwatin ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji."

Baba ya gyara zama. "Yawwa, sannu kadai. Ina gajiya?"

Ya sake dannawa. "Sannu da zuwa, Alhaji."

"Ai na amsa. Ina gida?"

"Sannu da zuwa, Alhaji."

Ya juyo gare ni. "Kai ka rene shi, ko? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gobe ka same ni shago."

Raina ya ɓaci, har na fara yi masa bayani da Faransanci, abin da ya ƙara dagula lamarin. Da ƙyar Inna ta roƙar mini lamuni zuwa Juma'a. Na zauna kusa da murhunta tana jero mini gaisuwa ina zubawa a manhajar: kwana, gajiya, iyali, kasuwa, mutanen gida can Nijar, kowace da muhallinta. Da na sa kasuwa gaban iyali, sai da ta ɗaga mini ludayi.

Ran Juma'a Baba ya danna, ya amsa, ya danna, ya amsa, har shayinsa ya huce. Ya ce, "Wannan ya fi ka tarbiyya. Ci gaba da zuwa Treichville ɗin, ko akwatin ya koya maka."

Washegari na zo wucewa, sai na ji bakina ya ce, "Baba, ina kwana? Ina gajiya?" Na durƙusa na kai ta har mutanen Nijar.

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya amsa mini ɗaya bayan ɗaya.