Ƙwan Haihuwar da Na Je Bayarwa a Fairfax

Greenbelt

Na bar gidana da ke Greenbelt a Amurka bayan sallar asuba, gari bai waye ba, wata Talata cikin tsananin sanyi. Direban tasin da ya kai ni tashar jirgin ƙasa ɗan Kumasi ne. Ya ji ina waya da Hausa, sai ya ce, "Hajiya, aiki da sassafe haka?" Na ce asibiti za ni. Ya ce Allah ya sawwaƙe. Na amsa, ban gaya masa lafiyata ƙalau ba.

Yayata Sakina ce dalilin tafiyar. Ta daɗe da aure a Manassas, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Likitoci sun ce ƙwan haihuwarta ya ƙare da wuri, sai dai wata mace ta ba ta nata. Ni kaɗai ce ƙanwarta mace, shekarata talatin. Mun tambayi wani malami ta waya, ya ce bai halatta ba. Yaya ta daina cin abinci, ta daina fita. Ni na kira ta da kaina na ce zan yi, Allah ya yafe mana. Mama a Kano ba ta sani ba. Haka ma Mukhtar, wanda aka sa mana rana bayan babbar salla.

Cikin jirgi

Jirgin ya tashi cike da ma'aikatan gwamnati, kowa da kofin kofi a hannu. A L'Enfant Plaza na sauka na canja zuwa wanda ke ƙetare kogi ya shiga Virginia. Tafiyar ta fi awa ɗaya. Duk hanya tunanina ɗaya: yaron da zai kira ni Anti, alhali ƙila hancina ne a fuskarsa.

Fairfax

Yaya na jirana a mota a tashar Vienna, ta sa sabon mayafi, har da kwalli. Rabon da in gan ta haka na manta. Asibitin bai yi nisa ba. An riga an ɗebi jinina tun a zuwan farko, ranar hoton ciki kawai ya rage. Mai ɗaukar hoton ta fara da raha, can sai ta bar rahar, tana ta juya na'urar dama da hagu.

Likitar, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta ce tana son ganina ni kaɗai.

"Yayata ce, bari ta zauna," na ce.

Ta ce ba zan iya bayarwa ba. Jinin da hoton abu ɗaya suka nuna: nawa ƙwan ma ya kusa ƙarewa. Abin yakan bi dangi.

"To ita fa, za ta haihu?" Yaya ta tambaya.

"Mai yiwuwa ne, amma lokacinta kaɗan ne. Ba zan yi mata alkawari ba."

Na ji kaina ina yi mata godiya. Na sa takalmi, na manta jakata a kan kujera, sai da aka biyo ni da ita.

Manassas

Babbar hanya ta cushe, muna tafiya muna tsayawa. Mijin Yaya yana wurin aiki. A kicin na tarar da masa cike da kula da miyar taushe, ashe tun dare ta jiƙa shinkafa don mu yi murna. Muka zauna a ƙasa, abincin na tsakaninmu yana hucewa.

"Ni na jawo miki, Rumasa'u. Da kina zaune lafiya ba ki sani ba."

"Ba ke kika sa min ba, Yaya. Da ma yana nan."

"Za ki gaya wa Mukhtar?"

"Dole."

Ta kama hannuna. "Kar ki faɗa. Ki bari a ɗaura tukuna. Na san abin da nake gaya miki."

Ban taɓa jin Yaya ta ce a ɓoye gaskiya ba sai ranar. A nan na gane irin zaman da take yi a gidan nan. Ta zuba min masar a roba, ta mayar da ni tasha bayan la'asar.

Komawa

Mun wuce College Park ke nan Mukhtar ya kira, murya cike da fara'a. Ya je ganin wani gida a Mitchellville.

"Ɗaki huɗu ne. Ɗaya namu, sauran na yara. Kin ga filin baya kuwa?"

"Ka zo gobe, akwai magana."

"Lafiya?"

"Ka dai zo."

Na iso gida ana magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Yaya da ɗawainiyarta. Washegari Mukhtar ya zo, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai yi istihara. Mutumin kirki ne, bai faɗi kalma ɗaya mai zafi ba, amma daga ranar bai ƙara tayar da maganar auren ba. Babbar salla ta zo, ni da Yaya muka soya namanmu a Manassas, mu biyu.