Bakwainin da Bai Yi Rawar Ɗari Ba

Har in koma ga Allah, daminar da ƙanwata ta haifi bakwaini a ƙauyenmu na wajen Kebbe ba za ta fita raina ba. Yaron ɗan mitsitsi ne, tafin hannuna biyu sun ɗauke shi. Ana ta marka, rana ta ƙi leƙowa, amma innarmu ta kafe sai an cuɗe shi safe da yamma a tsakar gida, wai in ba haka ba ƙarnin haihuwa zai bi shi har tsufa. Da na ce akwai sanyi, harara na sha.

"Dube shi, ko makyarkyata ba shi yi," in ji Inna. "Ke ce dai raguwa."

Gaskiya kuwa, ni haƙorana na kaɗawa, shi shiru. Har yabonsa muke, wai mai haƙuri.

Wata safiya ya ƙi kama nono. Na taɓa ƙafarsa, sanyi kamar gindin randa. Baki yake buɗewa, kuka ba ya fita. Ubansa ya tada babur, na naɗe yaron a zane, muka kama hanyar Tambuwal cikin taɓo. Duk ramin da muka faɗa sai in kai yatsa hancinsa, ina tsoron gawa nake rungume da ita.

A asibiti malamar jinya ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ta sa na buɗe riga, ta manna shi tsirara a ƙirjina, ta lulluɓe mu da bargo. Sannan ta ce jariri ba ya rawar ɗari irin tamu. Wani kitse ne mai duhu Allah Ya ajiye masa tsakanin kafaɗu da wuya, shi jiki ke ƙonawa ya ɗumama. Bakwaini kuwa nasa kaɗan ne, kuma kowane wanka cinye shi yake, har da ɗan nonon da ya sha.

"Wanga nashi ya kusa ƙarewa," ta ce. "Ki roƙi Allah."

Ina roƙo hawaye na zuba. Can wajen la'asar, bayan Inna ta iso da uwarsa, ya tsala wata 'yar ƙara. Da na faɗa mata bayanin malamar, Inna ta shafa tsakanin kafaɗunsa.

Yau yana makaranta, ya fi kowa surutu. Ni dai tun ranar, in jariri ya yi shiru cikin sanyi, ba na yabonsa. Ƙafarsa nake taɓawa.