Tokar da Na Zuba wa Inabin Baba

Inabi biyu Baba ya dasa a bayan gidanmu na Tudun Wada. Dukkansu 'yan aure ne: reshe iri ɗaya ya yanko, ya ɗaura a kan gindi biyu dabam. Ɗaya gindin ya mutu tun Baba yana raye, saura na jikin katanga, sai wani da ni na aura daga baya, a karkace.

Baba yakan barbaɗa musu tokar murhu, ludayi guda, sau ɗaya bayan damina. Da ya rasu na kasa zama wuri ɗaya. In fita, in dawo, in leƙa ganye, in tona ƙasa da yatsa. Ni dai kada inabinsa ya mutu a hannuna. Na ce in ludayi yana da amfani, ai kwano ya fi. Kullum da safe sai in kwashe murhu in juye wa gindunan biyu, har tokar maƙwabta nake aika a karɓo mini.

Nawa bai ko nuna ya ji ba. Na Baba kuwa tsofaffin ganyensa suka yi ɗorawa, jijiyoyin kawai suka rage kore. Na ƙara toka.

Baffana, tsohon malamin gona, ya zo daga Gidan Dahala ya tsuguna ya murza ƙasar.

"Ɗiyata, mi kinka yi mishi?"

Na faɗa masa.

"Toka hwatash ta, wani gishirin taki. Gindin ga na babanki mai haɗama na, duk abin da kinka ba shi sai ya zuƙe, har shi hana sauran abinci hawa. Gindin naki inabin ba shi ɗauka sai kaɗan."

Haushi ya kama ni, na rasa da wa zan yi faɗa. Ya nemo reshe ɗaya tak mai sauran rai a jikin na Baba, ya aura shi a kan gindin inabina, ya naɗe da leda. Ya ce sati uku, kada in taɓa.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Kwana takwas ina zagaya shi, hannuna a baya. A rana ta tara na ce bari in ɗan warware in gani kawai. Ashe ya kama. Wani farin nama ya fara haɗe su, ina jan ledar ya rabu a hannuna.